Yaya Dije da Duwatsun Fako

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hadiza, wadda duk ƙauyenmu, can arewa da Affala, aka fi sani da Dije. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita kuma ta tsaya sai da aka sa ni lakkol, wato makarantar boko. Yau ina koyarwa a Tawa, kuma duk sanda damina ta kama, ita ce ke fara faɗo mini a rai.

Mun taso gonar babanmu tana mutuwa a idonmu. Fari ya kashe itatuwa, waɗanda suka tsira aka sare aka kai gari don girki. Mutane sun ƙaru, babu mai iya barin gona ta huta ko shekara guda. Iska ta kwashe ƙasar sama, sauran ta zama fako mai tauri wanda hauya ba ta iya kamawa. In an yi ruwa, ba ya shiga. Sai ya gangaro da gudu, ya faɗa ƙorama, ita kuma tana cin gaɓa har ta kusa rijiyar gari.

A lokacin maza duk sun tafi biɗar kuɗi Abija, can bakin teku, har da mijinta. Ya aiko cewa ta kwashe yara su koma kudu wurin danginsa. Dije ta ce da ɗan saƙon: “Ka ce mishi ya ba ni damina biyu. In ban cika rumbu ba, da ƙafata zan biyo shi.”

Ma'aikatan gona sun zo sun nuna yadda ake jera duwatsu a tare ruwa, da haƙa ƙananan ramu da ake kira tassa, a zuba taki a ciki. Dije ce ta bi gida gida tana fito da mata. Da gammo suke ɗauko duwatsun daga tudu, cikin zafin bazara, har gashin tsakiyar kanta ya zube bai sake tsirowa ba. Duk tsiron gawo da ta gani, sai ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Daminar farko ba ta yi daɗi ba. Ruwa ya ɓalle jeri biyu, hatsin bai kai su ko'ina ba, wasu matan suka janye. A ta biyu gero ya tsaya a cikin ramukan, kore shar, a wurin da ko ciyawa ba ta fitowa. Rumbun bai cika ba, amma mijinta da ya dawo ya gani, bai sake tayar da maganar ƙaura ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Za ta ji daɗin inuwar gawon da suka girma, da rijiyar da har yanzu ake ɗiba. Amma na san ba za ta yi shiru ba in ta ga amalanken itace suna shigowa Tawa kowace safiya, ko ta ga fakon da aka raya ya yi daraja har ana rigima a kansa, ana matse wa makiyaya burtali. Samarin ma ba su daina tafiya ba, hanya ce kawai ta koma arewa.

Dije ba ta bar ko hoto mai kyau ba. Bara na je gida bayan wani ruwa mai ƙarfi, na tarar da mata a bakin gona suna mayar da duwatsun da suka zame, babu wanda ya kira su. Yawancinsu an auro su ne bayan rasuwarta. Na tambayi wata ƙaramarsu wa ya koya mata, ta ɗago kai ta dube ni da mamaki, ta ce ai haka ake yi a garin nan tun da can.

Ban gyara mata zancen ba. Allah Ya jiƙan Yaya Dije, Ya sanyaya makwancinta.