Rahmatu a Gefen Hoton Bijimi

Duk wanda ya girma a Wudil, in dai ya taɓa tsayawa gaban kyamara, da wuya in ba Gwadabe ne ya ce masa ya ɗaga haɓa ba. Dogon mutum ne siriri, marar yawan magana, irin waɗanda za ka jero musu ina kwana, ina gajiya, ina iyali, su haɗa maka duka da "lafiya lau" guda ɗaya. Masinja ne a ofis lokacin da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka sauko. Abokan aikinsa suka bazu kasuwa, mai sayen rediyo na saye, mai sayen babur na saye, shi kuwa ya hau mota zuwa Kano ya dawo da kyamara rataye a wuya. Mahaifinsa a Dagumawa ya juya ta, ya sake juyawa, ya tambaye shi ta wane gefe ake noma da ita.

Ita ce kuwa ta ciyar da shi. Ya ajiye aikin masinja, ya kama shago a Sabon Garin Wudil, ya rataya labule mai zanen bene da jirgin sama. Zamani ne da kowa ke son a gan shi tare da abin da ya saya. Amare, maniyyata masu neman fasfo, 'yan makaranta, dillalan shanu ranar Juma'a, kowa ya zo ya tsaya ƙiƙam ya riƙe numfashi. Mutum ɗaya ce bai taɓa ɗaga wa kyamara ba, 'yarsa ta fari, Rahmatu.

Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, kuma a gidansu Gwadabe ba a wasa da ita. Shi da matarsa Indo babu wanda ya taɓa kiran sunan, sai dai "yarinyar nan". Ana yaye ta kakarta ta goye ta zuwa Dagumawa. To mutumin da ba ya iya haɗa ido da 'yarsa a gaban mutane, ta yaya zai tsayar da ita ya ƙura mata ido ya ce ta yi murmushi? Ƙannenta kam hotunansu har sun ishi bango. Ranar da aka kai ta gidan miji a Utai ya kulle shago ya tafi gona, dangin ango kuma suka ji nauyin kiran wani mai hoto a bikin 'yar mai hoto. Kowa ya bar wa kowa. Ka ji shirme, amma haka aka yi.

Da kuɗin mai suka sake ambaliya a ƙasa bayan dawowar farar hula, sai fim ya mutu. Gwadabe ya sayi kyamarar zamani da wata kwamfuta ta gwanjo. Maƙwabcinsa Isyaku ne ya haɗa masa ita, tsohon mai gyaran rediyo da ya koma wayoyi da kwamfutoci, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana riƙe da ƙusa a haƙori. Gwadabe ya koyi kunnawa, ya koyi zuba hotuna daga kyamara, ya koyi bugawa, ya ce ya isa haka. Bai taɓa sa wa folda suna ba. Na'urar ce ke raɗa musu lambobi da kwanan wata, agogon cikinta kuma ya daɗe da rikicewa.

Wata Juma'a gab da Babbar Salla, wani dillali da ake kira Maikano ya jawo farin bijimi har ƙofar shago, wai sai an ɗauke su tare kafin a loda shi zuwa Kudu. Rahmatu ta zo ganin gida a makon, Indo ta aiko ta da abincin rana. Daidai lokacin da Gwadabe ya danna, ta faɗo gefen hoton da kwano a hannu, tana dariyar yadda Maikano ke rungumar wuyan bijimin. Sai da ya zuba hotunan a kwamfuta ya gan ta. Ya yanke gefen ya buga wa Maikano nasa, na asalin kuma ya bar shi inda yake, cikin dubban lambobi. Bai gaya wa kowa ba, bai sake buɗewa ba. Sanin yana nan ya ishe shi.

Da damina Rahmatu ta rasu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Gwadabe ya zauna a tabarma ana ta shigowa gaisuwa, ana cewa Allah Ya ji ƙanta, yana cewa amin kamar wanda aka wakilta ya amsa a madadin wani. Bai yi kuka ba, babu ma wanda ya sa ran uban 'yar fari zai yi. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba daurewa yake yi ba. Babu abin da yake ji ne kawai. Ya ci tuwo bai san da miyar da aka zuba ba. Bayan sadakar bakwai ya buɗe shago ya ci gaba da ce wa mutane su ɗaga haɓa.

Wata safiya bayan kaka, Indo ta ajiye masa koko, maimakon ta juya sai ta tsaya.

"Malam," ta ce, "fuskar yarinyar nan ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin mayafinta, ina ganin tafiyarta. Fuskar ce ba ta zuwa."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya shanye kokon ya nufi shago da niyyar nemo hoton ya buga mata. Ashe kwamfutar, da ta jima tana ɗan maƙalewa yana kashewa yana kunnawa, ta gaji da gargaɗi. Ya buɗe folda ta farko, kibiyar maus ta tsaya cak a tsakiyar allo. Ya kashe ya kunna, ta sake daskarewa kafin ya kai ko'ina. Ya leƙa ya kira Isyaku.

Isyaku ya kwance murfin gefe, ya hure ƙura, ya kara kunne. "Baba, matso ka ji." Can ciki wani abu na yin ƙas, ƙas, ƙas. "Faifan da ke riƙe da hotunan ne yake mutuwa. Ko na cire shi na kai wata kwamfutar, haka zai yi. Duk kunnawar da muka yi kwananta muke ragewa. Duka ba za su fita ba, kada in yi maka ƙarya. Faɗa mini abin da ya fi muhimmanci mu fara da shi."

Gwadabe ya buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaro, a shirye. Abin da ya fito shi ne, "Hotunan mutane."

"Waɗanne mutanen, Baba? Ai duka mutane ne."

"Na bukukuwa. Amana ce."

Wallahi wani lokacin sai ka ji kamar ka kama dattijo ka girgiza shi. Ga Isyaku a tsaye da filas ɗin kwafe hotuna a hannu, kalma kaɗan ce za ta raba gardama, amma mutumin da ya kai furfura bai ce "'yata" a gaban wani ba, ba ranar zai fara ba.

Haka aka shiga kwasar bukukuwa. Isyaku ya saita fanka a buɗaɗɗen cikin kwamfutar, ya jera ledojin ruwa masu ƙanƙara a faranti a gaban fankar. In ta tashi sai ya yi maza ya jawo abin da ya samu zuwa filas, su zuba wa koren layin da ke nuna kwafewar ido yana jan ciki. Wani lokacin ya kai ƙarshe, wani lokacin ya tsaya a rabi, shi ke nan sai a kashe a jira ta huce. Gwadabe na zaune a kujerar da yake zaunar da masu fasfo, hannuwa a gwiwa. An ceto amaren Gaya, an ceto na Garko. An ceto bikin da aurensa ya daɗe da mutuwa, amaryar har ta yi wani ta haihu. Kullum lokacin da kwamfutar ke bayarwa raguwa yake yi, kullum kuma Gwadabe ya koma gida Indo ta kawo abinci, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

"Baba," in ji Isyaku wani yammaci, "na ga kana leƙen allon nan kamar mai jiran mota a tasha. Akwai abin da kake nema ne?"

"Akwai hoton wani sa."

"Sa?"

"Na Maikano dillali. Fari, mai manyan ƙahoni."

Isyaku ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba! San da aka cinye tuntuni, ko ƙashinsa babu? Bari mu gama da masu rai tukuna." Aka ci gaba da amare.

Washegari kwamfutar ta ƙi tashi. Suka danna, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Isyaku ya canza ƙanƙara, ya kwantar da ita a gefe, ya yi bisimilla ya sake dannawa. Sai wajen azahar ta yi tari ta kawo haske. Ga wutar nepa ta ɗauke, a ƙaramin janareto suke.

"Ina jin wannan ce ta ƙarshe," in ji Isyaku. Yau babu wasa a muryarsa. "Saura na 'yan makaranta da na fasfo. Wanne?"

"San nan."

Isyaku ya juyo gaba ɗaya. "Baba, don Allah me ke cikin hoton san nan?"

Gwadabe ya kalli ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, kwamfutar na ta ƙas, ƙas.

"Akwai yarinya a gefe," ya ce.

Isyaku yana cikin waɗanda suka je Utai jana'iza. Bai tambayi wace yarinya ba. Ya jawo kujera ya zauna sosai, ya ce, "Wane lokaci ne?" Gwadabe ya ce gab da Babbar Salla, shekarar da aka sake fentin shagon. Kwanan watan foldojin ba abin yarda ba ne, don haka suka bi ta ido. Ƙananan hotuna na fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana ɗebo su daga rijiya. Inda suka ga tsohon fenti su wuce, inda suka ga raguna su tsaya. Can sai ga farin abu mai ƙaho, ya fito sau da yawa a jere, domin Maikano bai yarda da ɗauka ɗaya ba. A ƙanƙantarsu ba a gane wanne ne mai mutum a gefe. Isyaku ya buɗe na farko, babu. Ya buɗe na gaba, hoton ya sauko daga sama, ya cika allo, kibiyar ta tsaya.

Ya girgiza maus ɗin, ya danna wannan ya danna wancan. Ko motsi.

"Ta daskare, Baba. Ban kwafa ba." Ya share gumi da hula. "In na kashe, ban ce za ta tashi ba. In na bari, haka za ta tsaya har man janareto ya ƙare."

Gwadabe bai ji shi ba. Ga ta nan a gefen dama, rabin kafaɗarta a waje. Kwano a hannu ɗaya, ɗayan ya ɗago zai gyara mayafi bai kai ba. Tana da wushirya, ashe. Ya san da ita mana, amma bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Goshin na mahaifiyarsa ne sak. Tun ranar da ungozoma ta miƙo ta ya kau da kai, bai taɓa kallon 'yarsa tsawon haka ba, ita kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

Janareto ya fara sauya murya. Gwadabe ya miƙe ya ɗauko kyamara daga ƙusa. Isyaku ya gane, ya tashi ya janyo ƙofa don hasken titi ya ragu. Dattijon ya ranƙwafa gaban allon, ya matsa, ya ja baya kaɗan, ya fitar da Maikano da rabin bijimin daga ciki, ya danna. Bai kai ga dannawa ta biyu da kyau ba janareton ya shaƙe, allon ya mutu. Suka ƙara mai suka tayar, suka yi ta danna kwamfutar har la'asar. Fanka kawai ke juyawa.

Isyaku ya karɓi kyamarar ya duba bayanta. Hoton ya fito, da ɗan layi-layi irin na allo, amma fuskar tar take. "Kash," ya ce, "inuwarka ta fito a gilashin, Baba. Gobe in kai wa wani a Kano ya goge."

"Bar shi haka."

Ya tarar da Indo a tsakar gida tana tankaɗe. Bai yi bayani ba, ya kunna kyamarar ya miƙa mata. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Da farko ta kau da kai, yadda ta saba, sannan ta dawo da shi. Ta zauna a kan turmi. Ta sa babban yatsa ta rufe ƙahon san.

"Ranar da na aike ta da abincinka ne," ta ce. Ta ƙara kusanto da shi fuskarta. "Ga ka nan a bayanta, Malam."

"Ni ne."

Ba ta miƙo masa kyamarar ba, shi ma bai nema ba. Ya fita zaure ya zauna a dakali don ya cire takalmi, ya cire ɗaya, sai kukan ya zo masa, da ƙarfi, irin na wanda bai iya ba. Ƙofar zauren a buɗe take, masu dawowa daga masallaci suna wucewa suna gani, bai tashi ya rufe ba.