Jirgi ba ya sauka inda Hajiya za ta

Jiya ina layin biza a wani ofishin jakadanci a Maitama, sai dattijuwar da ke gabana ta juyo, ta roƙe ni in fassara mata abin da ma'aikacin ya faɗa da Turanci.

Na ce mata bizarta ta fito, amma yankin hamadar da take son zuwa ba a shigarsa sai da izini na daban da ɗan jagora.

Na ce, "Hajiya, ga jirgi, me zai kai ki wannan wahala a mota?"

Ta ce, "Ɗan nan, jirgi ba ya sauka inda za ni. Autana direban babbar mota ne. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, abokan tafiyarsa suka binne shi kusa da wata rijiya, can gaba da Agadas bayan an tsallaka iyaka. Ni dai in tsaya a kansa in yi masa addu'a."

Ma'aikacin ya ce izinin zai daɗe, ana ma iya hanawa. Ta gyara mayafinta ta ce za ta jira.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan a cikinku, don Allah ya gaya mana yadda take. Sauran kuma ku sa baiwar Allahn nan a addu'a.