Dajin Bayan Gidan Kawu

Shekarun baya, muna gama sakandare, ni da abokina muka zama jaruman daji, amma a cikin waya kawai. Bayan gidan kawunsa a Birnin Gwari akwai wani tsohon lambun mangwaro da ciyawa ta cinye. To nan ne dajinmu. Shi zai rage murya yana waige-waige, ya ce, "Jama'a, yau ma ga mu a tsakiyar dajin Birnin Gwari." Ni kuwa mai riƙe waya, aikina ɗaya: kada katangar kawu ta fito a bidiyo.

Wayyo daɗi. Mutanen Kano da Legas suna ta rubuta "namijin duniya", 'yan mata suna yi mana addu'a. Waya na yin ƙara sai zuciyata ta yi tsalle, tuwo ya huce a gabana ina karanta yabo. In aka ce mu ƙara shiga ciki, sai mu koma bayan wani mangwaron. A ganinmu mun fi kowa wayo, ga suna, ga shi ko ƙaya ba ta soke mu ba.

Sai wani ɗan garinmu ya rubuta: "Manoma na shiga ba sa dawowa, wannan kullum yana fitowa lafiya. Wa ya sani a ciki?" Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, wai abokina infoma ne. A wajenmu in aka ce kana kai wa 'yan bindiga rahoto, ba kullum ake tsayawa jin ta bakinka ba.

Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka yi sallama a ƙofar gidansu, ina zaure. Mahaifiyarsa ta fito ko takalmi babu, ta riƙe masa riga. Shugabansu, wani dattijo, ya ce, "Yaro, wa ke ba ka hanya a daji?" Namijin duniya ya juyo yana kallona.

Na ce, "Baba, wallahi tallahi ƙarya muke yi." Ban taɓa rantsuwa a kan ni maƙaryaci ne da ƙarfi irin na ranar ba.

Muka ja su har lambu. Ga mangwaron da ke cikin bidiyo, ga akuyar kawu tana kiwo a gindinsa, ga matar kawu tana shanya a kan katanga. Wani a cikinsu ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Dattijon bai yi ba. Ya ce, "Ƙanena dajin gaske ya shiga noma, har yau muna jiransa. Kunna wayar, ka juya ta, mutanenku su ga katangar nan."

Na kunna, na juya ta.

Yanzu in na ga yara suna hauka a waya ba na saurin zaginsu, don na san daɗin nan, yana rufe ido ruf. Mu muna ta lissafin baƙin da ke yabonmu daga nesa, mun manta maƙwabta ma suna da waya. Abokina ya yi aure har da 'ya'ya, amma har gobe in aka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gidansu, mahaifiyarsa ce ke riga kowa fitowa.