Dattijon Jamus da Na Koya wa Turanci

A shekarun baya can, tun Birtaniya ba ta fice daga Tarayyar Turai ba, na taɓa koyar da Turanci a wata ƙaramar cibiyar koyon sana'a a Birmingham. Aikin maigidana na likita ne ya kawo mu ƙasar. Na baro makarantar da nake koyarwa a Kano, na zo unguwar Selly Oak na zauna ina kallon ruwan sama ta taga. Da na samu wannan aikin har sabon mayafi na saya, ni a dole malama ta dawo.

Ɗalibaina Jamusawa ne manya, waɗanda aiki ya ƙare musu a gida. Ana turo su kwas na 'yan watanni su iya Turancin wurin aiki, ko za su dace a nan. Akwai ma'aikatan jinya, akwai direbobi, akwai masu gyaran inji.

A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura, makanike, wanda masana'antar da yake wa aiki tun yana saurayi ta rufe. Kullum kujerar baya yake zama. In na ce ya yi magana sai kunnuwansa su yi ja, ya ce, "Yi haƙuri, kaina ya tsufa." Wata rana da aka tashi ya tsaya, ya gaya mini da guntun Turancinsa cewa wani kamfani a Manchester ya kira shi intabiyu. Matarsa ba ta da lafiya, kuma ba ya son ya koma mata hannu rabbana.

Tausayi ya kama ni. Na riƙa tsayawa da shi bayan aji, ni ce mai ɗaukar ma'aikata, shi ne mai nema. In tambaya, ya fara amsa, ya kakare, mu sake daga farko. Sau da yawa bas ya wuce ni, in iso gida maigidana ya riga ya ɗora shinkafa. Yakan ce, "Ke dai kin yi uba a Jamus." In ce, "Bar shi, abin tausayi ne."

Ranar da dattijon ya yi bayanin yadda ake kwance inji tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba, na fi shi murna.

Ana gab da intabiyun, manajar cibiyar ta kira ni ofis. Ta haɗa mini shayi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wasu ɗalibai sun same ta, sun ce Ingila suka zo, suna son jin Turanci daga bakin 'yan ƙasa.

"Ba koyarwarki ba ce, kowa ya yaba," in ji ta. "Lafazin ne kawai. Kin gane ai."

Na ce ban gane ba, su wane ne?

Ta ce, "Ni ma na yi mamaki. Dattijon nan da kike tsayawa da shi ne ya yi magana a madadinsu. Kuma ya yi bayani tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba."

Aka ba wani malami ɗan ƙasar ajin, ni kuma aka mai da ni gefen injin kwafin takardu. Na daure na ɗan lokaci, sannan na ajiye musu aikinsu.

Bayan an kwana biyu mun je suna gidan yayar maigidana a unguwar Old Trafford da ke Manchester. Ina tsaye a tasha sai ga dattijon nan cikin kayan aiki, da jakar abinci a hannu. Ashe ya samu aikin. Ya matso ya gaishe ni, kunnuwan nan jawur. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

Ya ce, "Malama, tsoro na ji. An ce mini in na je ina magana irin taki ba za su ɗauke ni ba. Ban zaci za su cire ki ba."

Na ce, "To me ka zata?"

Ya gyara riƙon jakar abincinsa. Ni kuwa saboda tsabar tarbiyyar gida, sai na ji kaina ina yi masa murna, har da tambayar jikin matarsa.

Mutane suna ce mini in yafe, talaka ne da ya ji tsoro. Na sani, kuma ba na yi masa fatan sharri. Amma akwai abin da ya tafi da shi wanda bai dawo ba. Kafin shi, ban taɓa sauraron bakina ba in ina Turanci, magana kawai nake yi. Yanzu ko GP, likitan unguwarmu, zan kira, sai na riƙe wayar na gwada jimlar a raina tukuna.