Tsalha Ya Zo Neman Yafiya

Wata rana aka gaya wa Inna Lantana cewa Tsalha na bin gida-gida yana neman yafiya. Uban gidansa na siyasa ya ba shi kujerar Hajji.

Tun da ta ji ta kasa zama. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya, ta manta ba ta hura wuta ba.

Ɗanta Nafi'u ya mutu a rikicin zaɓe, cikin shagonsa na ɗinki da aka cinna wa wuta. Tsalha ne ya jagoranci 'yan banga ranar.

Kowa a unguwa ya sani. Amma in za a yi maganar, sai a ce "rikici ya ci shi."

Rikici kuwa ba shi da gida, balle a je a tambaye shi.

Manyan jam'iyyun biyu tuni suka shirya, har sun haɗa surukuta. An ce biki ya yi kyau.

Ga sallama a zaure. Tsalha ne cikin farar shadda, mai unguwa na biye da shi. Ya durƙusa.

"Inna, zan tafi ɗakin Allah. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

"Wanda ba ka sani ba na yafe, Tsalha. Wanda ka sani fa? Faɗe shi in ji."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Haba Inna, ai ya wuce..."

"Ranka ya daɗe, ba kai za ka hau jirgin ba."

Ta gyara mayafinta, ta juya ga Tsalha.

Can Tsalha ya ce, kansa a ƙasa, "Ni na nuna musu shagon Nafi'u. Na san yana ciki."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi ne mutum na farko da ya faɗa mata a fili.

"Yau ba zan iya ba," in ji ta. "Je ka, Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo ka same ni da rai, ka shigo. Yanzu dai mun fara magana."

Darasi: "A yafe mini komai" ba ta da wahalar faɗa, shi ya sa ta yi yawa a gari. In da gaske kake, kira laifin da sunansa, sannan ka iya jira.

Tura wa wanda kake ganin ya kamata ya karanta. Wataƙila shi ma kai yake shirin tura wa.