Dankalin Auta

Shekara goma sha tara ta yi tana zama a kan kujera 'yar tsuguno a bakin siton dankali, da wuƙa a cinyarta, tana tantance kayan da manoma ke kawowa ajiya. Abokan aiki Mai-hanci suke ce mata, don tun kafin a kwance bakin buhu ta san ko da ruɓaɓɓe a ciki. In ta gyaɗa kai, buhu ya shiga. In ta girgiza, ko mai shi zai yi birgima a ƙasa sai ya koma da abinsa. Mai siton bai taɓa tsallake maganarta ba.

Tana da ƙane guda, autan gidansu, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi ya gaji gonar tudu, ƙasa mai rairayi da ruwa ke wankewa duk damina. Auta mutum ne mai son abin da ido ke gani. Yakan zabga takin yuriya ba ƙaƙƙautawa, ganye ya yi kore shar, masu wucewa su tsaya kallo.

Wata shekara malamin gona ya ɗebi ƙasar ya kai awo. Da ya dawo, a gaban Mai-hanci ya yi wa Auta bayani.

"Gonarka ta yi tsami, kuma kalsiyam ya ƙare mata. Shi ke ɗaure naman dankali da ɓawonsa, kamar ƙashi a jikin mutum. In babu shi, ƙwayar cuta na samun 'yar kafa sai ta narkar da shi. Ka zuba farar ƙasa kafin shuka, a cikin kunya, inda 'ya'yan za su kwanta. Daga ƙasar da ke jikinsu suke sha."

Auta ya yi dariya. "Farar ƙasa kuma, malam? Gona ce fa, ba bangon ɗaki ba."

Da yayarsa ta dame shi da mita, sai ya sayo wani kalsiyam na ruwa a kwalba ya fesa wa ganye, ya ce ai an yi. Bai kai ga 'ya'yan ba.

An yi tono cikin ruwan sama. Auta ya iso sito da kura shaƙe da buhuna, bakinsa har kunne. Mai-hanci ta zaro dankali ɗaya ta murza da babban yatsa, ɓawon ya saluɓe. Ta tsaga shi, ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a tsakiya. Bai ruɓe ba tukuna, amma ta san inda ya dosa.

"Yaya, kin taɓa ganin manya irin waɗannan?"

"Girman banza ne. Kai shi kasuwa yau, ka sayar yadda ya samu."

"Kasuwa ta cika, ko kallonsa ba za a yi ba. Ga mai ɗakina da cikin wata takwas. In ke ba ki rufa min asiri ba, wa zai rufa?"

Ta daɗe tana jujjuya wuƙar. Sannan ta gyaɗa wa masu dako kai.

Mako uku aka yi. Wata safiya tana buɗe ƙofa warin ya tare ta. Baƙin ruwa mai yauƙi na tsiyaya daga ƙarƙashin buhunan Auta, ya bi siminti ya shige ƙarƙashin tulin da ke kusa, ƙudaje sun yi dafifi. Kayan mutum goma sha ɗaya ya shafa, wasu ma irin baɗi ne suka adana. Kwana huɗu ana kwasa da shebur, hanci a ɗaure da tsumma, ita ma tana ciki.

Rana ta biyar mai sito ya kira ta gefe.

"Kin sani lokacin da suka shiga?"

"Na sani."

"Da ma kin ce min ba ki sani ba," in ji shi, ya miƙa hannu ta ba shi makullin.

Auta bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya kwashe iyalinsa ya tafi wani gari yana lodin manyan motoci, ya bar mata gonar ba ko sallama. Ita da ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ta koya da furfura a kai. Ta zuba farar ƙasar da hannunta har tafinta ya tsattsage. A damina ta biyu dankalin ya fito ƙanana, masu ƙarfin ɓawo. Amma babu siton da ke karɓar kayan gonar tudu, komai kyansa.

Yanzu a bakin titi take kasa shi kashi-kashi a kan buhu. Akwai wani dattijo cikin waɗanda irinsu ya narke, wanda tun daga shekarar bai sake shuka ba. Kullum ta nan yake bi da sandarsa. Tana gaishe shi, "Baba, barka da fitowa," shi kuwa ya wuce kamar bai ji ba.

Kwanakin baya matar Auta ta aiko da saƙo: yarinyar da ta haifa ta fara gudu, amma uban yana kwance, kaya sun faɗo masa a baya. Mai-hanci ta tambayi ɗan saƙon ko Auta ya ce a gaishe ta. Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce bai ji ba.