Matar da Ta Yi wa Rumbun Bayanai Baki

Ƙarfe bakwai na safe Uwar Rumbu take buɗe ɗan ɗakinta da ke bayan ma'ajiyar jini, ta taɓa na'ura da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, sannan ta ajiye jaka. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma rabin ma'aikatan asibitin sun ɗauka mai gyaran firinta ce.

Rumbun bayanan da take kula da shi amintacce ne, sai dai miskili. Kowace ledar jini tana da layinta a ciki, amma sai an tambaye shi yake faɗa. Nas za ta duba, ta ga babu, ta koma bakin aiki. Bayan minti biyu jinin ya shigo, ba wanda ya sani. Manya suka ce a yar da shi a kawo sabo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba tsufa ke damunsa ba, baki ne ba shi da shi."

Ta kuwa yi masa bakin. Da zarar leda ta shigo, rumbun zai yi shela, duk wanda ya yi rajistar jiran irinta ya gani a wayarsa. Ranar gwaji ta manta ba ta ware ba, ta tura wa kowa komai. Maigadi ya zo da waya tana ta kuka, ya ce, "Hajiya, ni fa ƙofa nake tsaro, ba jini ba." An yi mako ana tsokanarta, ta gyara abinta.

Sai ranar da jini ya ɓalle wa wata mai haihuwa, irin jininta kuma mai wuyar samu. Aka duba, babu. Ungozoma ta yi rajista, ta koma kan matar. A reshen asibitin, can ƙetaren gari, mai awo ya gama tantance leda ɗaya mai irin jinin, ya shigar da ita rumbun. Kafin ya ɗage yatsa wayar ungozoma ta yi ƙara.

"An samu! Ku tura mota!"

Ke ce kika yi wannan, Uwar Rumbu gwana, ba tare da kin taka ɗakin haihuwa ba. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku riƙe aikinku yadda ta riƙe nata, ko ba mai kallo.

Mai haihuwar nan ƙanwata ce. Gobe za ta zo gaishe ki, riƙe da hannun 'yar da ta haifa ranar nan.